CIWON DA BA YA GAGGAWA

 Mutanen Aboabo da Asawase, da na Sabon Zango da Sawaba da Akwatia Layi, sannunku da kasuwa. Masu goro, masu albasa, masu atamfa, masu koko da ƙosai a bakin hanya, Allah ya ba da ciniki. Wanda kuma wannan magana ta iske shi a kwance, da wanda ke zaune kusa da shi yana jinya, ku na fi nufi yau. Ku kasa kunne.

Akwai wata mace a unguwarmu, ba zan faɗi sunanta ba. Atamfa ta ke sayarwa a Kejetia. Tana da shekara 38 sa'ad da abin ya soma. Da fari takalminta na hagu ne ya kan suɓuce mata a hanya. Ta zargi takalmin, ta sayi wani. Kāna ta soma tuntuɓe a matakala. Da safe lafiya lau ta ke tafiya, amma in rana ta take sai ƙafar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Waɗansu suka ce ƙyuya ce. Waɗansu suka ce ta taka asiri. Aka ce jifa ne daga wata abokiyar kasuwa. Shekara biyu ana yawo da ita. Wani ya karɓi rago, wani ya karɓi turmin atamfa shida, a wani sansanin addu'a kuma aka sa ta azumin kwana bakwai har ta suma. Sai da jarinta ya kusa ƙarewa kāna ɗan'uwanta ya kai ta asibitin Komfo Anokye, wanda mu ke kira Gee. Can aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da lakarta, aka faɗa mata sunan ciwon.

Da na je gaishe ta, ta ce mini, "Malam, da na san sunansa tun farko, da yanzu ina da rumfata." A kan wannan kalma tata zan yi magana yau.

MENE NE WANNAN CIWO?

Likitoci suna kiransa maltipul siklerosis, a taƙaice MS. Kada ku haɗa shi da sikila, gama babu dangantaka tsakaninsu. Sikila a jini ta ke, wannan kuwa a jijiyoyin saƙo ya ke, watau waɗanda ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa, su bi ta laka, su isa hannu da ƙafa da ido da mafitsara.

Kun san wayar lantarki. A ciki akwai tagulla, a waje akwai rigar roba. In ɓera ya gaigaye robar, wuta ta kan zo ta ɗauke, ƙwai ya yi ta ƙyaftawa. Haka jijiyar saƙo ta ke da riga mai kitse. A cikin wannan ciwo, dakarun jiki waɗanda aikinsu yaƙi da cuta ne, su ne ke kuskure su afka wa rigar nan su cinye ta wuri wuri. Inda aka ci sai tabo ya zauna. Saƙo ya taso daga kai, ya zo wurin tabon, ya yi jinkiri ko ya ɓata. Shi ya sa mutum yana so ya ɗaga ƙafa, ƙafa kuwa ba ta ji ba.

Wani likita a Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya bayyana ciwon sarai a birnin Paris a 1868. A ƙidayar 2020 an sami mutum wajen miliyan 2.8 masu shi a duniya. Ya fi kama mata, wajen ninki biyu na maza, yawanci kuma tsakanin shekara 20 da 40 ya ke bayyana, lokacin da mutum ke tsakiyar neman abinci. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi, har da can an ɗauka baƙar fata ba ya yinsa. Wannan kuskure ne. Akwai shi a Gana, akwai shi a Nijeriya, rashin na'urar gane shi ne ya daɗe yana ɓoye shi.

Ciwon yana da hali iri biyu. Ga yawancin mutane, wajen 85 cikin 100, ya kan zo ya tafi. Ido ɗaya ya dushe mako uku, ya washe. Bayan shekara hannu ya mutu, ya farfaɗo. Amma ga mutum 10 zuwa 15 cikin 100, tun daga farko ba ya tafiya, sai ƙaruwa kaɗan kaɗan, bana ya fi bara. Waɗansu kuma daga masu iri na fari, bayan shekaru, nasu ya kan juya ya zama haka. Wannan mai ƙaruwa, irin na mai atamfa, shi ne zancenmu.

Shin ana ɗaukarsa? A'a. Ku ci tuwo a kwano ɗaya da mai shi, ku kwana ɗaki ɗaya, babu kome. Ba a gadonsa kai tsaye yadda a ke gadon sikila. Mace mai shi tana iya haihuwa. A 2022 masana na jami'ar Harvard a Amurka, bayan sun bincika bayanan sojoji fiye da miliyan 10, sun nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr tana da hannu ƙwarai wajen tayar da shi. Amma fa ƙwayar nan tana jikin mutum tara cikin goma na dukan manya, suna kuwa zaune lafiya. To, kun ji. Ba abokiyar kasuwa ba ce, ba kishiya ba ce, ba kuwa hukuncin wani zunubi ba ne. Wanda ya ɗora wa mai ciwo laifi, ya ƙara masa kaya a kan kaya.

DON ME ZA A JE ASIBITI DA WURI?

Wani zai ce, tun da ba ya warkewa, ina amfanin zuwa? Amfani na fari ke nan: ba kowace ƙafa mai ja ce MS ba. Shanyewar jiki ta hawan jini farat ɗaya ta ke zuwa. Shan inna a ƙuruciya ta ke kamu. Amma akwai cututtuka da ke kashe ƙafa sannu sannu kamar wannan, waɗansunsu kuwa suna da magani sosai: tarin fuka in ya shiga ƙashin baya, da ƙari mai danne laka, da ƙarancin sinadarin B12, da tunjere da ya daɗe a jiki. Akwai kuma wani ɗan'uwan MS mai kama ido da laka da ƙarfi, wanda ya fi yawa a cikin baƙar fata, maganinsa dabam ne, gwajin jini ne ke taimakawa a raba su. Mutumin da ya yi shekara biyu yana yawo, watakila ya bar ciwon da za a iya tsayarwa ya gama da lakarsa. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiya ne ke rarrabewa, da hoton da a ke kira MRI, wani lokaci da ɗiban ruwan baya. Akwai irin likitocin nan a Gee, akwai su a Korle Bu a Ankara.

Bari in gaya muku gaskiya a kan magani. Har yau babu wanda ke warkar da MS, ko a Ingila ko a Amurka. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai tumɓuke shi, ko da kwalba ya zo, ko da allura, ko da sunan Allah a bakinsa, jarinku ya ke so. Abin da akwai shi ne magungunan rage masa gudu. Na farkonsu, interferon, ya fito a 1993 domin iri mai zuwa yana tafiya. A 2017 aka amince da ocrelizumab a Amurka, na fari ke nan domin iri mai ƙaruwa tun farko, ƙarin ruwa a ke yi da shi kowane wata shida. Yana da tsada ƙwarai, ba ya kuwa mayar da abin da ya riga ya tafi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku cikin jerin muhimman magungunan da ta ke ba ƙasashe shawara su tanada, cikinsu har da rituximab. Ku tambayi likita ko akwai wanda ya dace da ku. In babu hali, kada ku ce an gama. Mafi yawan abin da ke riƙe mai wannan ciwo a tsaye, a gida a ke yinsa, ba da kuɗi mai yawa ba.

ƘARFI JARI NE

Ku 'yan kasuwa ne, kun san jari. Mai wannan ciwo kowace safiya ya kan tashi da ɗan jari na ƙarfi, ƙanƙane, in ya ƙare kuwa babu mai ba shi bashi kafin gobe. Gajiyarsa ba irin tamu ba ce, barci ba ya kawar da ita duka. Saboda haka tilas ya yi lissafi. Aikin da ya fi muhimmanci a yi shi da sassafe. A huta kafin a gaji, kada a jira sai an faɗi. Abin da a ke iya yi a zaune, kada a yi shi a tsaye. A yi wanka a kan kujera, a yi girki a kan kujera, a sauko da kaya daga saman rumfa zuwa inda hannu ke kaiwa. Ɗaukar kaya a ba 'yan kaya. In za a je Gee, a shiga keke mai ƙafa uku daga ƙofar gida, kada a ƙarar da ƙarfin yini wajen tafiya tashar mota.

Ku kuma na gida, in kun ga ta share tsakar gida da safe, da la'asar ta kasa ɗaga kofi, kada ku ce ƙarya ta ke yi. Jarin ne ya ƙare.

Abu na biyu, zafi. Jijiyar da ta rasa riga ba ta jure zafi. Wani likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura tun 1890 cewa ganin masu ciwon ya kan dushe in sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi. A nan Kumasi, watan Fabrairu da Maris, ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana tanda ne. A fito da mai ciwo inuwa inda iska ke kaɗawa. A jiƙa zane a yafa masa a wuya. Ya sha ruwan sanyi, ya yi wanka da ruwan sanyi. Rauni na zafi ba sabon ciwo ba ne, in jiki ya huce sai ya koma yadda ya ke. A nan kuma zan ja kunnenku a kan gashi. Mun saba, in ƙafa ta yi nauyi, sai a dafa ruwa a gasa ta. Ga wannan ciwo gashi da ruwan zafi ba ya ƙara kome sai rauni, fatar da ba ta ji sosai kuwa ta kan ƙone mai ita bai sani ba.

Abu na uku, motsi. Hutu dabam, kwanciya dabam. Ƙafar da aka bari ba motsi ta kan sandare, ta ƙage, har ta ƙi miƙewa. Kowace rana a miƙe gwiwa da idon sawu da yatsu, a lanƙwasa, a hankali, ba da fizga ba. Mai iya tafiya ya yi tafiya da sanyin safiya, ko daga ƙofa zuwa bakin famfo ne. Akwai ma'aikatan motsa jiki a asibiti, ku je su koya muku, kāna ku riƙa yi a gida. In ƙafa tana ƙagewa da dare, akwai magani, baclofen sunansa, likita ne ke rubutawa. Mai shan taba kuwa ya bari, gama an tabbatar taba tana ƙara wa ciwon gudu.

ƘANANAN ƁARAYI

Ciwon kansa ba kasafai ya ke kashewa ba. Masu shi su kan yi shekaru da yawa, da dama har su tsufa. Abin da ke kayar da mutum da wuri ƙananan abubuwa ne da a ke rainawa.

Na ɗaya, fitsari. Saƙon mafitsara ya kan rikice, fitsari ya matsa farat ɗaya, ko ya ƙi fita duka. Don kunya sai mai ciwo ya daina shan ruwa. Wannan kuskure ne babba, gama fitsarin da ya kwanta shi ke haifar da cuta, ta hau har ƙoda. A sha ruwa da rana, a rage da dare. A je bayan gida a kan lokaci, kada a jira matsuwa. In fitsari ya yi wari ko zafi, ko mai ciwo ya raunana cikin kwana ɗaya ko biyu, a nemi gwajin fitsari da na zazzaɓin cizon sauro nan da nan. Kowane zazzaɓi yana tayar da ciwon, saboda haka gidan sauro ba abin wasa ba ne a gare shi. Ciki kuma kada a bar shi ya ɗaure: wake, kuɓewa, ayoyo, gwanda, lemo.

Na biyu, gyambon kwanciya. Wanda ya kai ga kwanciya ko zaman keke, nauyin jikinsa yana danne fata, jini ya ƙi zuwa, fata ta mutu. A juya shi kowace sa'a biyu. Kowace rana a duba ƙugu da gindin baya da diddige. In an ga wuri ya canza launi ko ya yi ɗumi, a ɗauke nauyi daga wurin tun bai fashe ba. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, ba tattara. Gyambo ɗaya yana iya cin wata shida da kuɗin rumfa guda.

Na uku, faɗuwa. Ku dubi gidajenmu na Zango: dakali a ƙofa, lambatu a buɗe, daɓen makewayi mai santsi. A kafa itace ko ƙarfe a bango inda za a dafa. A sa katako mai faɗi a kan lambatu. Kafinta ya yi kujera mai rami domin bayan gida, gama tsugunno ne ya fi wuya. A ajiye tocila kusa da gado saboda ɗaukewar wuta.

Na huɗu, haɗiya. In abinci ya soma shaƙe shi, kada a ba shi yana kwance. A zaunar da shi sosai, loma ƙanana, koko mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya.

Na biyar, ƙwayoyin kanti. Akwai maganin da likita ke bayarwa kwana kaɗan in ciwon ya taso da ƙarfi, irin su prednisolone da dexamethasone. Mutum ya ji daɗinsa, sai ya riƙa saya da kansa wata da watanni. Ƙarshensa ƙashi ya yi rauni, sukari ya hau, fuska ta kumbura. Haka tramadol, shiga da sauƙi, fita da wuya.

KADA A RUFE ƘOFA

Yanzu na zo ga abin da ya fi mini nauyi. Na shiga gidaje da yawa gaishe da marasa lafiya. Sau da dama na kan iske mai ciwo a ƙuryar ɗaki, an sake labule, ana kai masa abinci kamar fursuna. Ba mugunta ba ce, kunya ce. Shi ma da kansa ya kan ce, "Kada mutane su gan ni da sanda." Wajen rabin masu wannan ciwo baƙin ciki mai nauyi ya kan kama su wani lokaci a rayuwarsu. In kun ga mutum ya daina cin abinci, ya daina magana, yana cewa gara ya mutu, wannan ma ciwo ne, yana da magani, ku faɗa wa likita, kada ku bar shi shi kaɗai.

Ɗan'uwa, sanda ba ta rage mutum. Keke ma ba ya rage mutum. Wanda ya ƙi sanda, ɗaki ya ke zaɓa. Akwai wata baƙar mace a Amurka, Barbara Jordan, 'yar jihar Texas. A 1973 ta shiga majalisar dokokin ƙasar, a shekarar kuma ciwon nan ya bayyana a jikinta. Ta yi aikinta har 1979, ta koma koyarwa a jami'a, a 1992 ta yi jawabi gaban babban taron jam'iyyarta tana zaune a keke, ƙasa duka tana saurare. Ta rasu a 1996. Ƙafa ce ta tafi, kai da baki suna nan. Ciniki ma da kai da baki a ke yinsa.

A nan Gana akwai wuraren neman taimako. A Nsawam akwai cibiyar da aka kafa tun 1961 mai ƙera takalman gyara da abin tallafar ƙafa. Dokar naƙasassu ta 2006 ta ba mai naƙasa haƙƙi, kuma a cikin kuɗin da gwamnati ke raba wa gundumomi akwai kason da aka keɓe domin naƙasassu. Mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba, ku je ofishin jin daɗin jama'a na gundumar Asokore Mampong ku rubuta suna. Katin inshorar lafiya, wanda dokarsa ta fito a 2003, kada a bar shi ya mutu. Ba ya ɗauke kome da kome, amma yana rage kaya. Wannan ba bara ba ce, haƙƙi ne.

Mai jinya ma mutum ne. Yawanci mace ɗaya a ke bar wa aikin, uwa ko 'ya ko mata, ta ɗaga, ta wanke, ta juya, har bayanta ya lalace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku raba kwanaki yadda ku ke raba adashi. Wane ya kai asibiti, wance ta kwana ranar Juma'a, ɗan'uwan da ke ƙasar waje ya ɗauki kuɗin magani. Kai maigida, in matarka ce, ka tuna shekarun da ta yi tana tashi da asuba dominka. Yanzu ne za a san ko wane ne kai. Maƙwabta kuma, ranar suna ko biki, ko za ku masallaci ko majami'a, ku biya ku ɗauke shi. Matasa huɗu sun isa su haye da keke kan kowane dakali.

Mai atamfa ba ta koma Kejetia ba, rumfar ta tafi. Amma 'yan adashinsu sun haɗa mata ɗan jari. Yanzu tana da tebur a ƙofar gida, ƙarƙashin inuwa, tana buɗewa da safe, ta rufe kafin azahar. 'Yarta ce ke saro kaya, ita ke yanka farashi, tsofaffin abokan cinikinta kuwa suna kiranta ta waya. Ƙafar ba ta warke ba, bana ma ta fi bara nauyi, ta kuwa san haka. Amma ran da na wuce na ji ta tana ja da wata mai saye a kan sidi biyar, muryarta har bakin titi.

To, jama'a, in akwai wani a gidanku wanda takalminsa ke suɓucewa, ko idonsa ya dushe ba dalili, ko ƙafarsa ke nauyi in rana ta take, kada ku jira shekara biyu. Ku kai shi a duba tun jari yana hannu. In kuwa akwai wanda aka sake wa labule, yau da yamma ku ɗaga labulen, ku fito da kujerarsa tsakar gida.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya ƙarfi da haƙuri. Sai mako mai zuwa war haka. Ku huta lafiya.